Kular Baba Sifana

Ranar da Mai Shago ya shigo gida da kular nan, sai da ya tara kowa a tsakar gida ya nuna musu ita. Kayan kicin yake sayarwa a kasuwa, kuloli kuwa babu irin da ba su bi ta hannunsa ba, amma ya ce wannan daban ce. Hawa uku gare ta, murfinta na murɗawa ne, ga zoben roba a baki wanda ko tururi ba ya tsallake shi. In an zuba abinci da safe, in ji shi, mai ci da la'asar sai ya hura. Ya ce ta Baba ce shi kaɗai, kada ya ga yaro ya taɓa.

Baba mahaifinsa ne, tsohon bakanike da kowa a layinmu ke kira Baba Sifana, don a zamaninsa notin da ya gagari yaran gareji da hannu yake kwance shi. Yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa, hannuwansa cikin riga. Ya dubi kular ya sa albarka.

Abin da ya kawo kular shi ne maganar Auta, ƙanwar Mai Shago, wadda ke aure a wani gari. Da ta zo ganin gida ta tarar da abincin ranar mahaifinta a faranti, an kifa wani farantin a kai, ya yi sanyi ƙalau, ƙuda na zagaye shi. Ta yi magana, maganar ta yi wa yayanta ciwo. Shi ya sa da ya gama nuna kular ya ɗauki hotonta ya tura mata, ya ce wa matarsa yanzu sai su ga abin da za a kuma faɗa.

Matar, Malama, koyarwa take yi. Da sassafe take girki, ta fita da yara, ba su dawowa sai yamma. Mai Shago ne na ƙarshen fita. Shi yake rufe kular da kansa, ya dafe ta da hannu ɗaya, ya murɗa murfin har sai ya yi ƙara, ya ajiye a ƙofar ɗakin Baba. Sannan ya ja ƙofar gida ya sa kwaɗo ta waje, wai saboda ɓarayi, wai kuma kada tsoho ya fita mota ta buge shi.

Ranar farko, da rana ta take, Baba ya jawo kular. Ya ɗora tafinsa a kan murfin ya murɗa. Ko motsi. Sanyin ƙashi ya daɗe da cin yatsunsa, gaɓoɓin sun kumbura sun karkace, babban yatsan dama ba ya lanƙwasuwa sam. Ya matse kular tsakanin gwiwoyinsa ya sa hannu biyu. Ya naɗo gefen rigarsa ya sake gwadawa. Wani zogi ya taso daga wuyan hannu ya harbi kafaɗarsa, ya saki. Ya huta, ya koma. Jikin kular ko ɗumi babu, ƙamshi ma ba ya fita, sai nauyi kawai da ke gaya masa akwai abinci a ciki. Daga baya ya lalubo guntun burodin da ya rage da safe, ya jiƙa a ruwa ya tsotsa.

Da Malama ta dawo ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗaga kular ta ji ta da nauyi.

"Baba, ba ku ci ba?"

"Ban ji yunwa ba, 'yar nan."

Ina mutumin da ake kira Sifana zai buɗe baki ya gaya wa surukarsa murfin kwano ya fi ƙarfinsa? Ta shiga kicin da ita. Yara sun dawo da yunwa, ga abinci da zafinsa, ta juye musu. Ranar ba ta ɗora tukunyar yamma da wuri ba, ta samu ta miƙe ƙafa.

Mai karatu zai ce ai akwai abincin dare. Akwai. Sai dai Mai Shago mutum ne mai son a ga yana girmama uba. Da kansa yake zaɓar tsokar da ta fi girma cikin soyayyen nama ya ɗora a farantin Baba, yana cewa rabon babba na babba ne. Baba kuwa turamensa duk sun zube, sauran 'yan haƙoran gaba da ke rawa. Sai ya juya naman a baki, ya tsotse gishirin, ya faki ido ya mayar gefen faranti. Shinkafa in ta bushe tana tsaya masa a maƙogwaro, ya ƙware, ya yi ta tari har hawaye. Cokali na karkarwa a hannunsa, rabin abin da ya ɗebo a cinyarsa yake ƙarewa. Kafin ya kai loma biyar kowa ya gama, Malama tana son ta wanke kwanuka ta kwanta saboda fitar safe. Takan tsaya a kansa ta ce, "An gama, Baba?" Shi kuma kunya ta sa ya ture farantin.

Haka aka shiga yi. Kula ta fita cike, ta dawo cike. Wandonsa ya fara zamewa, ya ƙara ɗaure tazuge. Wani lokaci yakan ja jiki zuwa ƙofar gida ya saurari takun masu wucewa, ya buɗe baki zai kira, sai ya tuna ko an amsa kwaɗo na waje, kuma maganar za ta zagaye layi cewa ɗansa ya bar shi da yunwa. Sai ya koma.

Yunwa dai ba ƙanwar uwar kowa ba ce. Wata safiya da Mai Shago ya dafe kular zai murɗa, Baba ya yi gyaran murya.

"Kai, ka riƙa sassauta murfin nan. Hannun ba kamar da ba."

Mai Shago ya dube shi, ya fashe da dariya.

"Haba Baba, ku ne fa Sifana. Ku da kuke kwance notin taya ana kallo? Wannan ko ɗan firamare ya buɗe."

Ya ce in an sassauta zafin ya tafi, amfanin kular kenan ya tafi, Auta ta sake samun abin faɗa. Duk da haka ranar ya ɗan rage murɗin. Bai lura ba cewa abinci mai zafi in an rufe shi da irin wannan roba, tururin da kansa yake riƙe murfin. Baba ya yi fama bai samu ba. Washegari Mai Shago yana waya da wani dillali, hannunsa ya koma yadda ya saba. Da yamma ma har ya ba abokansa labari a ƙofar gida, wai tsoho ya fara shagwaɓa, so yake a zauna a gida ana ba shi a baki. Suka yi dariya, ɗaya ya ce tsufa kenan, komawa yarinta.

Malama ta ji maganar sassauta murfin, tana tsaye tana ɗaura wa ƙaramarta takalmi. Ta ji sarai. Ita ma in za ta buɗe kular da yamma sai ta sa tsumma ta cije leɓe. Amma abin ya zo mata daidai: girki ɗaya da safe, ga hoton kula cike ana tura wa Auta, ga abincin yara a shirye in an dawo. Sannu a hankali abin da ake zubawa a ciki ya canza. Dankalin da take dafa wa Baba ya yi laushi ya ɓace, sai taliya mai yaji da soyayyen kifi mai ƙaya, abin da yara ke so. Da abokiyar aikinta ta tambayi jikin surukin nata, cewa ta yi tsoho ne mai tsirfa, ka dafa ya ƙi, ka bari a ce ka ƙi shi. Ta ce ta ma ji an ce cikin tsoho ƙanƙancewa yake, kaɗan ya ishe shi.

Wata rana suka dawo suka same shi a ƙasa tsakanin ɗakinsa da banɗaki, jiri ya kayar da shi. Aka kai shi asibiti. Likita ya ja fatar hannunsa ya saki, fatar ta tsaya a tattare. Ya tambayi ko yana cin abinci. Baba ya buɗe baki, amma Mai Shago ya riga shi. Ya ce abinci kam har ya yi yawa, shi ne dai ba ya ci. Ya zaro waya ya nuna hotunan kular, yau kaza, jiya kifi. Likita na da layi a waje. Ya duba hotunan ya gyaɗa kai, ya ce haka tsofaffi suke, sha'awar abinci ce ke mutuwa. Ya sa aka yi masa ƙarin ruwa, ya rubuta maganin sa cin abinci, cokali ɗaya kowace safiya.

An bar jaki ana dukan taiki. Wannan magani kuwa Malama ba ta taɓa fashinsa ba, don ba ya cin lokaci. Ta tsiyaya a cokali, ta ce, "Baba, ku buɗe baki," ta juya ta tafi. Maganin mai kyau ne, yana aikinsa. Kafin hantsi cikin tsoho ya fara murɗawa kamar ana matsar tsumma. Da can yunwar takan gaji ta kwanta, ya samu barci ya ɗauke shi. Yanzu ba ta kwanciya. Yakan zauna da kular a gabansa, yawu na taruwa a bakinsa, yana kallon murfin.

Ƙarƙashin gadonsa akwai tsohon akwatin kayan aikinsa. Ran nan ya kwanta rub da ciki ya jawo shi da ƙyar. Sifanun duk sun yi wa murfin ƙanƙanta. Ya ɗauki sukudireba ya cusa bakinta a ƙarƙashin murfi, ya riƙe guduma da hannu biyu. Bugun farko ya kuskure. Na biyu ya samu yatsansa. Ya daure ya ci gaba, yana bugu yana hutawa, har roba ta tsage. Kular ta kife, hawa ukun suka watse, romo mai zafi ya kwarara a ƙafarsa, taliya ta bazu a siminti. Bai ko dubi ƙunar ba. Ya durƙusa ya shiga tattarawa da tafin hannu yana turawa a baki, yaji na ƙona dasashinsa, yana tari yana ci.

A haka suka tarar da shi: zaune cikin romo, guduma a gefe, jini a yatsa, taliya a gemu.

Mai Shago ya daɗe a tsaye yana duban ɓaraguzan kular. Baba ya ce masa ai ya gaya masa ba ya iya buɗewa. Ya faɗa sau biyu. Ɗan bai ma dube shi ba, matarsa ya juya ya kalla, ya ce abin da yake gudu ne ya zo, gigin tsufa ne, yau kula gobe kan yaro. Malama ta tattara yara ta shigar ɗaki. Aka kwashe akwatin kayan aiki aka kulle a sito. Ya kira Auta ya gaya mata Baba ya fara fashe-fashe yana cin abinci a ƙasa, ta yi ta addu'a.

Daga ranar maganar Baba ta daina zama magana. In ya ce yunwa yake ji, sai a ce ya manta ya ci. In ya ce murfi, sai Malama ta ce, "To Baba, an ji," irin yadda ake lallashin yaro. Abincin dare aka daina ci da shi, wai tarinsa na hana yara ci, sai a miƙa masa a ɗaki a dawo a ɗauke. Mai Shago kuma, don kada a ce ya yi fushi da uba a kan kwano, ya kawo sabuwar kula. Ta ƙarfe ce wannan, ciki da waje. Ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa ya ce ko mota ta taka ta ba abin da zai same ta.

Ƙunar ƙafar ta ƙi warkewa. Jikin da ba ya samun abinci da me zai yi sabuwar fata? Baba ya daina fitowa bakin ƙofa. Kumatunsa suka faɗa, idanunsa suka zurma, muryarsa ta koma kamar ta mai magana daga cikin rijiya. Maƙwabta da suka leƙo dubiya ranar hutu suka ga ɗaki a share, ga kula mai ƙyalli a gefen gado, ga kwalbar magani. Suka fito suna cewa Allah ya ba kowa ɗa irin Mai Shago.

Auta hankalinta bai kwanta ba. Ba ta gaya wa kowa ba ta hau mota. Ta biya ta shago ta karɓi mukulli a hannun yayanta, wanda ya ce ta yi gaba, yana da masu saye. Rana ta karkata lokacin da ta buɗe gidan. Ta yi sallama ba a amsa ba.

Yana kwance a gefensa a kan gado, ya rungume kular a ƙirji kamar jariri. Ta tsaya a bakin ƙofa, don da farko ba ta gane shi ba. Ya buɗe ido ya daɗe yana dubanta.

"Auta ce?"

"Ni ce, Baba. Me ya sa ba ku ci abinci ba?"

Ya sassauta hannu. Ta zare kular ta ɗora a cinya ta murɗa. Ta sake murɗawa. Ta ajiye a ƙasa ta dafe da gwiwa, ta sa gefen mayafinta, ta yi nishi. Mace mai ƙarfinta, wadda ke ɗaukar jarkar ruwa ta hau bene da ita, murfi ya ƙi. Sai a lokacin ta lura da hannun murfin, inda aka lulluɓe ƙarfen da baƙar roba. Robar duk ta ɓantale, ga sawun haƙora nan birjik, wani wurin da busasshen jini.

Ta dubi bakin mahaifinta. Haƙoran gaban nan da ke rawa, saura ɗaya.

"Bar shi, 'yar nan," in ji shi a hankali. "Sai yayanki ya dawo. Shi ya san kanta."

Ta ruga kicin ta ɗora ruwa, ta dama madara da sukari, ta tallafo kansa ta kai cokali bakinsa. Ya yi ƙoƙari, ta ga maƙogwaronsa na motsi, amma madarar ta dawo ta gefen baki ta jiƙa matashin kai. Ta sake bayarwa, ta sake dawowa. Ta kira yayanta ta ce ya zo yanzu. Ya ce bari ya sallami mutum ɗaya.

Kafin ya sallami mutum ɗayan, Baba Sifana ya cika a hannun Auta.

Gida ya cika da mutane kafin magariba. Malama tana kuka da gaske, tana gaya wa mata cewa Allah ya gani, ba ranar da ba ta zuba masa abinci ba, shi ne dai ya ƙi ci tun da gigin ya kama shi. Mata na cewa ai kin yi, Allah ya ba da lada. Mai Shago yana tsakar gida cikin maza, ido jawur, yana ba da labarin asibiti da maganin da ba a taɓa fashi ba.

Auta ta fito daga ɗakin da kular a hannu. Ba ta kuka. Ta ratsa mutane ta ajiye ta a gaban yayanta.

"Yaya, buɗe."

Ya ce mata wannan wane irin abu ne ana cikin wannan hali. Ta ce ya buɗe dai. Ganin idon jama'a ya sa ya sunkuya ya murɗa da hannu ɗaya. Bai buɗu ba. Ya gyara tsayuwa, ya dafe, ya sa ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi, sannan murfin ya yi tsaki ya saki. Tururi ya taso, ƙamshin kifi ya cika tsakar gida. Tafinsa yana kan robar nan da haƙora suka cinye, amma bai duba ba. Ya kara bayan hannunsa a kan abincin, ya ɗago ya dubi ƙanwarsa, ya dubi mutane.

"Kin gani ko? Tun safe fa aka zuba. Har yanzu da ɗuminsa."

A ɗaki mai abincin ya riga ya yi sanyi.

Har yau a layinmu in an tashi misalin ɗa nagari akwai masu kawo sunan Mai Shago, kuma ba ƙarya suke yi da gangan ba. Ba a taɓa zagin tsohon ba, ba a taɓa ɗaga masa murya ba. An durƙusa an gaishe shi safe da yamma, an zaɓa masa tsoka mafi girma, an saya masa kwano mafi tsada. Abu ɗaya ne ba a yi ba: ba wanda ya taɓa zama ya ga lomar ta tashi daga kwano ta shiga ciki. Mu dai mun iya ajiye wa tsoho abinci, mu ɗauki hoto, mu kama gabanmu. Ko yana da yatsun buɗewa, ko yana da haƙoran taunawa, ko maƙogwaron na wucewa da shi, wannan tambaya ce mai cin lokaci, lokaci kuwa shi ne abin da ba ma bayarwa.

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu da muke da 'ya'ya yau muna murɗa murfi da hannu ɗaya, yaranmu na tsaye suna kallon yadda ake yi. Za su iya, har su fi mu. Wata rana kuma mu ne a bakin ƙofar ɗakin nan, hannuwa cikin riga, muna sa albarka.